Kwas ɗin sassaƙa dogon baka a iyakar Wales: koyarwa mai inganci, gashin itace na gaggawa

A yammacin Ingila, daidai inda ƙasar ta yi iyaka da Wales, akwai masassaƙa da dama waɗanda abincinsu ya dogara ga koyar da sana'o'in itace na gargajiya a cikin daji. Ɗaya daga cikinsu yana shirya kwas na ƙarshen mako domin mutanen da ba su taɓa riƙe wuƙar sassaƙa ba, kuma alkawarin da ya rubuta a tallarsa shi ne mutum zai zo hannu rabbana, ya koma gida da dogon baka wanda ya sassaƙa da hannunsa, ya gasa cikinsa, wato gefen da ke fuskantar maharbi, ya murɗa masa tsirkiya, har ya harba kibiya da shi kafin faɗuwar ranar Lahadi. Na halarci wannan kwas, kuma hukuncina a kansa ya rabu gida biyu. Abin da malamin yake koyarwa game da daidaita lanƙwasar baka ya ci kuɗinsa har da ƙari, amma gashin itacen, wanda shi ne tallar ta fi kururutawa, an cusa shi cikin lokacin da ba zai iya ɗaukarsa ba, kuma wannan gaggawa tana iya jawo wa ɗalibi asarar duk wahalar da ya sha.

Ya kamata mai niyyar zuwa ya fara sanin irin bakan da zai yi, domin hotunan da ke jikin tallar suna iya ruɗinsa. Hotunan na bakan yaƙi ne, irin wanda maharban Ingila da Wales suka yi suna da shi a fagen Crécy a 1346 da Poitiers a 1356 da Agincourt a 1415. Mafi yawan abin da aka sani game da siffar wannan baka ya fito ne daga Mary Rose, jirgin ruwan yaƙi na Sarki Henry na Takwas, wanda ya nutse a 1545 aka tsamo shi a 1982, aka kuma samu cikakkun bakunkuna 137 da kibau fiye da 3,500 a cikinsa, waɗanda ake ajiye da su yau a gidan tarihi da ke Portsmouth. Tsawon bakunkunan ya kama daga mita 1.87 zuwa 2.11, kuma masu bincike sun ƙiyasta cewa jan yawancinsu yana buƙatar ƙarfin da ya haura laba 100, wato fiye da kilo 45. Babu sabon shiga da zai sassaƙa irin wannan a zama ɗaya, kuma ko an ba shi kyauta ba zai iya jansa ba. Abin da ake yi a kwas ɗin baka ne mai tsawon ƙafa shida, wanda nauyin jansa yake tsakanin laba 35 da 45 idan an ja tsirkiyar inci 28, kuma wannan shi ne daidai ga mai koyo. Malamin ya faɗi haka ƙarara tun da safiyar farko, amma da a tallar ya rubuta shi, da ya fi dacewa.

Bambanci na biyu na itace ne. Bakunkunan Mary Rose na itacen yu ne, wanda masana tsirrai ke kira Taxus baccata, kuma Allah ya yi wa wannan itace baiwar da ta sa babu kamarsa a wannan aiki: farin sashen da ke ƙarƙashin ɓawonsa yana jure miƙewa, jar zuciyarsa kuma tana jure matsewa, saboda haka idan aka faskara gungume aka bar farin a bayan baka, wato gefen da ba ya fuskantar maharbi, jan kuma a cikinsa, an samu abubuwa biyun da baka yake buƙata a sanda guda. Abin da Ingila take da shi bai ishe ta ba, har ta koma shigo da shi daga sauran ƙasashen Turai, kuma dokar 1472 ta wajabta wa 'yan kasuwa kawo sandunan baka huɗu a kan kowane tan ɗaya na hajar da suka sauke. Yau sandar yu mai kyau tana da tsada, ga ƙulle-ƙulle da murɗiya da ke wahalar da gwani ma, ga kuma ƙurarta mai guba. Don haka a kwas ɗin wani farin itace mai suna ash ake bai wa ɗalibai, kuma ban ga laifin wannan zaɓi ba ko kaɗan. Fararen itatuwa suna da nasu tarihin a wannan yanki, domin marubuci Gerald na Wales, wanda ya zagaya Wales a 1188, ya rubuta cewa bakunkunan mutanen Gwent, wani yanki na Wales, na itacen elm ne na daji, marasa kyan gani, ba a goge su ba, amma ƙarfafa. Sai dai ash yana da nasa halin: yana jure miƙewa ƙwarai, amma rago ne wajen matsewa, kuma daga wannan rashin daidaito ne duk maganar gashi ta samo asali.

Sandunan da aka jera mana a rumfar aiki faskara su aka yi, ba yanka da zarto ba, kuma wannan alama ce ta wanda ya san aikinsa, domin faskare yana bin jijiyar itace ne, zarto kuwa yana datse ta ba tare da mai yankan ya sani ba. An sare itatuwan lokacin da ruwa ya hau jikinsu, lokacin da ɓawo ke saluɓewa cikin sauƙi ya bar zoben ƙarshe na shekara sumul, an shafe bakin kowace sanda da gam domin kada ta tsage, sannan aka bar su suka bushe fiye da shekara. Malamin ya soka na'urar auna danshi a gabanmu ta nuna kusan kashi 10 cikin 100, abin da ya yi daidai da buƙata. Ya kuma bayyana cewa daga lafiyayyun itatuwa kawai yake ɗiba, tun da cutar da aka tabbatar da ɓullarta a Birtaniya a 2012 tana busar da ash ta sa itacensa ya riƙa karyewa ƙaras. Wannan zobe na ƙarshe shi ne bayan baka, kuma umarnin farko da aka ba mu shi ne kada wuƙa ta kusance shi, domin ko ɗan yanka ne ya ratsa shi, nan ne bakan zai tashi wata rana. Abin da ban ji daɗinsa ba a wannan mataki shi ne yadda aka bar kowa ya zaɓi sandarsa. Sandunan ba ɗaya suke ba, wasu miƙaƙƙu ne tas, wasu suna da ƙulli ko ɗan karkata, kuma wanda bai taɓa yin baka ba ba shi da idon da zai bambance su. Da malamin ya duba tsawon hannun kowa da yadda yake riƙe kayan aiki ya raba da kansa, da an fi yi wa kowa adalci.

Kayan aikin ba su da yawa kuma duka a wase suke: ƙaramin gatari, da wuƙa mai mariƙi biyu wadda ake ja zuwa ƙirji, da magagari, da makankarin ƙarfe, da benci mai matse sanda idan an taka shi da ƙafa. Ana zana layin tsakiya da fensir a bayan sandar, ba da ma'aunin miƙewa ba sai dai bin jijiyar itacen duk inda ta karkata, sannan a fitar da faɗi, kimanin inci ɗaya da kwata a tsakiya, yana tsukewa zuwa rabin inci a kawuna. Malamin yana sa a bar cikin bakan ash da ɗan faɗi da shimfiɗa fiye da na yu, wanda ake kewaye cikinsa ya yi tudu, domin matsin ya bazu a fili mai yawa. Hujjarsa mai ƙarfi ce, amma tana da wani sakamako da ya kamata a sani: ƙungiyar British Long-Bow Society, wadda aka kafa a 1951, ta shardanta cewa kaurin baka kada ya gaza biyar bisa takwas na faɗinsa, saboda haka mai son shiga gasa a ƙarƙashin wannan ƙa'ida ya faɗa tun kafin a fara zane. A nan ne kuma ya koya mana lissafin da ya fi kowane amfani a wannan sana'a, wato idan aka ninka faɗin itace ƙarfinsa yana ninkuwa sau biyu, idan kuwa kaurinsa aka ninka, sau takwas yake ninkuwa. Wanda ya riƙe wannan a ransa ba zai yi mamakin yadda ɗan kankara kaɗan daga ciki yake sauya baka gaba ɗaya ba.

Daidaita lanƙwasa shi ne zuciyar kwas ɗin, kuma shi ya cinye mafi yawan lokaci. Ana fara shi da kafa kan sandar a ƙasa a danna tsakiyarta da hannu a ga ko ta fara bayarwa. Idan ta fara, sai a fere gurbin tsirkiya a gefen kowane kai, a sa doguwar igiya sako-sako, a ɗora bakan a kan wani turke da aka kafe a jikin bango mai zanen layuka. Igiyar jan tana bi ta wata 'yar taya a ƙasa, da sikeli a jikinta, ta yadda ɗalibi zai ja da baya taku biyar ko shida yana ja yana kallon yadda rassan bakan biyu, na sama da na ƙasa, suke lanƙwasa. Ƙa'idojin da malamin ya kafa ba su da sassauci. Ba a jan baka ya wuce nauyin da ake son ya tsaya a kai, ko da inci goma kawai ya ja. Ba a ƙara ja idan an riga an ga aibi, sai an gyara shi. Bayan kowace kankara kuma sai an ja bakan an saki sau ashirin ko talatin, domin itace ba ya nuna abin da aka cire masa nan take, kuma mai gaggawa yakan ƙara kankarewa yana zaton na farko bai yi ba, sai daga baya duka biyun su bayyana tare.

Aibin da aka fi tsoro shi ne wuri guda ya yi rauni, lanƙwasar duka ta taru a kansa kamar gwiwa. Maganinsa ya saba wa abin da hannu ke so, domin ba wurin ake taɓawa ba: ana zagaye shi da fensir a haramta wa makankari shi, sannan a rage duk sauran reshen, da ɗaya reshen ma, har su sauko su same shi. Kowane irin wannan gyara yana cin nauyin baka, shi ya sa bakan farko na mutane da yawa yake ƙarewa a laba 25 alhali 45 aka nufa. Yadda malamin yake koyar da ganin wannan aibi shi ne ya sa nake yaba masa ba tare da wani ƙwange ba. Ba ya karɓar kayan aiki daga hannun ɗalibi, kuma ba ya nuna wurin da yatsa. Yakan tsaya a gefe ya tambayi mutum inda yake ganin reshen ya ƙi bayarwa, idan an yi kuskure sai ya miƙo wani ɗan katako miƙaƙƙe mai tsawon inci shida, ya ce a zura shi a cikin bakan yana lanƙwashe, daga mariƙi zuwa kai, a lura da ratar da ke tsakanin katakon da itacen. Inda ratar ta yi faɗi, nan ne lanƙwasa ta yi yawa, inda ta ɓace kuma nan ne ya sanƙare. Na kuma ga yadda yake kama reshe tsakanin babban yatsa da manuni, ya rufe ido, ya ja hannunsa a hankali har ƙarshe, ya tsaya a wani wurin da ido bai ga komai ba, ya sa ɗalibin ya taɓa da kansa har ya ji ɗan kwarin da magagari ya bari. Kafin yammacin Asabar yawancinmu mun fara ganin abin da ba mu iya gani da safe ba, kuma wannan ba abu ne da ake samu daga kallon bidiyo ba.

Idan bakan ya fara bayarwa daidai, ana sa masa gajeriyar tsirkiya, a ɗaga ta sannu a hankali har ratar da ke tsakaninta da mariƙi ta kai dunƙulen hannu da babban yatsa a miƙe, kimanin inci shida. Ana barin reshen ƙasa da ɗan ƙarfi fiye da na sama, domin hannun da ke jan tsirkiya yana kama ta ne sama da tsakiya kaɗan. A wannan mataki ne raunin ash yake fara fitowa fili. Duk lokacin da aka ja baka, ƙwayoyin itacen da ke cikinsa suna matsewa, wasunsu kuma ba sa komawa yadda suke, shi ya sa idan an cire tsirkiya sai a ga bakan ya zauna a ɗan lanƙwashe. Ana auna wannan da kwantar da bakan a kan bayansa a ƙasa a ga yadda kawunan suka ɗaga. Inci ɗaya ko biyu ba abin damuwa ba ne, amma abin da ya wuce haka yana sace saurin kibiya, kuma idan matsin ya yi yawa a wuri guda sai wasu siraran layuka su bayyana a karkace a cikin bakan, alamar cewa itacen ya murƙushe, wanda ba shi da gyara na gaskiya.

Wanda ya taɓa ganin makiyayi yana kara sandarsa a wuta domin ya miƙe ta ya san rabin abin da zafi yake yi wa itace, wato yana tausasa shi ya karɓi sabuwar siffa. Gashin baka ya wuce nan. Idan zafi ya kusanci digiri 200 na ma'aunin Salshiyas ya kuma daɗe, sinadarin lignin da ke haɗa zaren itace yana laushi ya sake zama, wani sashe na hemiselulos, wanda shi ne mai shan ruwa, yana lalacewa, sai itacen ya rage ɗaukar danshi ya ƙara tauri wajen jure matsewa. Farashin wannan shi ne gasasshen itace yana saurin karyewa idan aka miƙe shi, saboda haka ciki kawai ake gasawa, baya kuwa dole a kare shi. Wani mai sassaƙa baka ɗan Kanada, Marc St. Louis, shi ne ya yi fice wajen yaɗa wannan dabara tsakanin masu sana'ar a shekarun 2000, kuma ita ce ta ɗaga darajar fararen itatuwa irin su ash da elm da hikori, waɗanda ƙarfin bayansu ya fi na cikinsu.

Bayanin malamin a kan wannan ba shi da aibu, haka ma gwajin da ya yi a kan baka na farko. Ya sa an tsayar da daidaitawa a wajen inci 22, kafin itacen ya gama murƙushewa, domin gashi yana hana ɓarna ne fiye da yadda yake gyara ta. An kifa bakan a kan wani katako mai ɗan lanƙwasa ta baya, aka matse shi da ƙarafa, aka ɗora na'urar hura iska mai zafi a kan wani maɗori ta yadda bakinta yake kimanin inci huɗu daga itacen. Ana barin ta minti huɗu zuwa biyar a wuri guda, har launin ya tashi daga fari ya koma ruwan zuma mai duhu, sannan a matsa gaba kaɗan. Ya nuna mana yadda ake sa yatsa a ƙarƙashi a taɓa bayan bakan: idan ya yi zafin da yatsa ba zai iya daɗewa a kai ba, zafin ya ratsa, idan kuwa ciki ya yi duhu baya yana nan da sanyi, fata kawai aka babbake, kuma makankari zai kwashe ta a gyara na gaba. Reshe ɗaya yana cin minti 30 zuwa 45 idan an yi shi yadda ya kamata.

A nan lissafin kwas ɗin ya watse. Mu shida ne, na'urorin biyu ne, a jikin janareta ɗaya, kuma safiyar Lahadi kawai aka ware wa aikin. Waɗanda suka fara sun samu gashi a natse, na ƙarshe kuwa an matso musu da na'urar kusa domin a cim ma lokaci, wato ainihin abin da aka gama gargaɗinmu a kansa. Babbar matsalar ma ba wannan ba ce. Gashi yana korar danshi daga reshen gaba ɗaya, har da bayan da ba a nufa ba, kuma itacen da ya bushe ƙayau ba ya jure miƙewa, shi ya sa masu sana'ar suke ajiye baka kwanaki, sau da yawa mako guda, ya sake shan danshin iska kafin a lanƙwasa shi. Jadawalin kwas ɗin kuwa ya tanadi a gasa da safe, a ƙarasa daidaitawa da azahar, a harba da la'asar. Malamin bai ɓoye wannan ba. Ya ce jira ya fi, ya ce a irin wannan nauyi yawanci ana tsira, sannan ya bar wa kowa zaɓi. Ina ganin wannan ba daidai ba ne, domin mutumin da ya biya kuɗi ya yi tafiya mai nisa saboda a ce masa zai harba bakansa ranar Lahadi ba zai zaɓi jira ba, kuma ba shi da sanin da zai auna haɗarin da shi.

Abin da ake gudu ya faru da ɗaya daga cikin waɗanda aka yi wa gashin ƙarshe. Katakon da aka kifa bakansa a kai ya fi reshen faɗi, sai iska mai zafi ta riƙa bugun katakon tana nannaɗowa ta ƙarƙashi, har gefunan bayan suka yi duhu, kuma babu wanda ya lura sai da aka kwance. Da la'asar, yana dab da cika ja, aka ji wata 'yar ƙara ƙas, sai ga sartse ya ɗago a bayan reshen sama, tsawon yatsa guda. Malamin ya tsayar da shi nan take, ya ɗura gam ya naɗe wurin da zare, ya gaya masa gaskiya cewa bakan ba abin dogaro ba ne kuma, ya kuma ba shi sabuwar sanda kyauta tare da gayyatar ya dawo ya yi aikinsa a rumfar ba tare da ƙarin kuɗi ba. Wannan halin dattako ne, kuma ya kamata a faɗe shi. Sai dai laifin ba na ɗalibin ba ne, ba kuma na itacen ba ne, na tsarin ne, kuma gyaransa ba shi da wuya: ko a raba kwas ɗin zuwa zama biyu da mako ɗaya a tsakani, ko a ƙara na'urori a kuma tsuke katakon gashi ya gaza faɗin reshe, ko a fito fili a ce ranar Lahadi da bakunkunan aro za a yi harbi. Ni na zaɓi na ƙarshen, kuma malamin yana da bakunkunan aro masu kyau da suka isa kowa.

Sauran abubuwan ba su buƙatar dogon bayani. Ana koyar da murɗa tsirkiya da zaren roba mai suna Dacron, a yi mata hanci a kai ɗaya, a ƙulla ɗaya kan da ƙullin da ake iya sassautawa, a shafe ta da kakin zuma, kuma darasin a bayyane yake ko da yake an yi shi a gurguje. Kawunan ƙaho da ake gani a hotunan tallar ba sa cikin kuɗin, kuma babu lokacin yin su. Shafa mai sau ɗaya kawai aka yi, alhali baka yana buƙatar shafe da yawa da bushewa a tsakani. Rumfar ta tamfol ce, ba ta hana sanyi, saboda haka a tafi da rigar ɗumi da takalmin da ba ya shan ruwa. Motar haya ba ta kaiwa wurin. Abincin rana miyar ganye ce da burodi, wanda ya sauƙaƙa wa Musulmi, kuma da na nemi wurin salla an nuna mini busasshen wuri ba tare da wata tambaya ba. Tsaro a fagen harbi yana da tsauri yadda ya kamata. Ga wanda ya san baka a matsayin kayan farauta, yana da kyau ya sani cewa mallakar baka a Birtaniya ba ta buƙatar lasisi, amma farautar dabba ko tsuntsu da shi haramun ce a ƙarƙashin dokar kare namun daji ta 1981, don haka a jikin abin bara kawai ake harbi.

Shawara mafi amfani da malamin ya ba waɗanda suka jira ita ce a riƙa ɗora bakan a kan sikelin kicin kullum, idan nauyinsa ya daina ƙaruwa to ya gama shan danshinsa. Da nawa ya tsaya na ɗaura tsirkiya, sai na tarar ƙarfin jansa ya ƙaru da kusan laba biyar, reshen ƙasa kuma ya sanƙare fiye da yadda na bar shi, domin gashi ba ya taɓa kama rassa biyu daidai wa daida. Sai da na koma kankara a hankali. Na aika wa malamin hoton bakan a jaye, ya dawo mini da shi ya zana da jan layi inda zan rage da inda zan bari, kuma bai gaji da amsawa ba har aikin ya kammala. Bakan ya tsaya a laba 42 a inci 28, zamansa a lanƙwashe bayan cire tsirkiya bai kai inci ɗaya ba duk da harbi mai yawa, kuma babu layin murƙushewa ko ɗaya a cikinsa. Wannan sakamako ne da ash mara gashi ba kasafai yake bayarwa a hannun sabon shiga ba, kuma shi ya sa nake ganin dabarar ta cancanci a ba ta lokacinta. Mai tunanin kai irin wannan baka Kano ko Damagaram a matsayin tsaraba ya tuna cewa an daidaita shi ne da laimar Ingila, kuma iskar hunturu za ta busar da shi fiye da kima, saboda haka ya shafe shi da mai sosai, kada kuma ya cika jansa a ranakun da iska ta fi bushewa.

Kuɗin kwas ɗin ya kai abin da zai sayi gamammen baka mai matsakaicin daraja, don haka wanda baka kawai yake so ya saya a shago ya huta. Wanda yake son ya koyi sana'ar kuwa ya je, amma kafin ya biya ya tambayi adadin ɗalibai da adadin na'urorin gashi, ya kuma nemi a sa shi cikin na farko a safiyar Lahadi. Ya tanadi makankari da sikelin rataya mai kai kilo 25 da turken da zai kafe a bango a gidansa, domin inci shida na ƙarshe na jan bakan a can zai daidaita su, shi kaɗai, mako guda bayan an tashi daga kwas ɗin.